Daminar da Muka Daina Surfe

Ruwa ya ƙi ɗaukewa a Jega. Yakan tsagaita, tsuntsaye su fito su girgiza jiki a kan waya, sai kuma ya dawo da yayyafi mai laushi kamar wanda ya manta wani abu. Kayan da na wanke suna rataye a ɗaki ba su bushe ba, ashana ta yi sanyi, gishiri ya jiƙe a gwangwani. Marka ce ta sauka da gaske, ni kuwa ta same ni da tsohon ciki, na fari.

A wurin awo ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idona ƙasa ta duba, ta tambaye ni abin da nake ci. Na faɗa mata shinkafa, taliya, sai tuwon farin gari. Ta ce jinina yana neman yin ƙasa, ga kuma cikin da nake kukan yana ɗaure mini. Bayan maganin da ta ba ni, ta ce in daina surfe hatsi har ya yi fari tas. In wanke gero ko dawa, in bari ya sha iska, in kai inji da dusarsa, in ci da miyar ganye. Na ce to, ban ji komai a raina ba. Sai da na yi talge, na zuba garin, na sa muciya, tururin ya bugi fuskata. Wani ƙanshi ne mai nauyi, kamar na ƙasar da ruwan fari ya sauka a kanta, da ɗan ɗaci a ƙarshensa. Na saki muciyar na zauna a kujera. Rabona da wannan ƙanshin tun ina yarinya a Jandutsi.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba. Maza suna ta zancen a gindin bishiya da rediyo a tsakaninsu, ana cewa yanzu komai ya zo kusa, ba sai an je Sakkwato ba. Ni abin da na sani na sabuwar jiha shi ne an sa mun sake sunan da ke bayan littattafanmu a makaranta. Amma damina ba ta san an yi sabuwar jiha ba. Ruwa ya sauka da wuri, sau ɗaya, mai yawa, ya sami albasar Baba a cikin rudu, ɗakin karan da ake ajiye ta a jira ta yi daraja. Ta jiƙe, zafi ya biyo baya, ta ruɓe. Har yau ina tuna warin, da yadda Baba yake kwasar ta da kwando yana zubarwa bayan gari. Da ita ya yi niyyar cike giɓin hatsi, don a shekarar ya ba albasa ƙarfinsa fiye da gero, kamar yadda ya ga mutanen Aliero suna yi suna samu.

Mutane suka yi shuka a kan wannan ruwan. Sai sama ta rufe bakinta. Shukar ta fito, ta yi kore, ta naɗe ganye, ta mutu muna kallo. Aka yi roƙon ruwa, aka jira, da ya dawo aka sake shuka da irin da ya kamata a ci. Kowa ya san abin da wannan ke nufi: sabon gero zai makara, tsohon kuma ya ragu.

Ni da murya nake gane inda hatsinmu ya kai. Kowace safiya Baba yakan hau rumbu ya shiga ya miƙo mana abin da za a sussuka. Da kaka, idan ya yi magana, muryarsa a bakin rumbu take, kansa a waje. Da bazara sai ta ɗan nutse. A wannan markar kuwa, idan ya ce in karɓa, sai in ji kamar daga cikin rijiya yake kira na.

Aikin safe a gidanmu tsarinsa ɗaya ne tun da na yi wayo. A sussuka zangarniya a turmi, a shiƙe ƙaiƙayi idan iska ta yarda, sannan a yayyafa wa tsabar ruwa a yi surfe. Inna ta bakace a faifai, dusa ta taru gefe guda, ta wanke hatsin, ruwan wankin ya fito fari kamar nono da aka tsinka. Shi ne ƙasari. Daga nan sai niƙa a dutse, sai tankaɗe. Surfe yana da muryarsa dabam da ta sussuka, mai danshi, mai nauyi, kana jin ta a tafin ƙafa kafin kunne. Da hantsi idan duk gidajen unguwa suka ɗauka, nakan tsaya da taɓarya a hannu ina saurare, ina raya cewa garin ne ke da zuciyoyi da yawa. Inna takan ce in sauko daga sama in yi aiki.

A cikin zafin bazarar nan Inna ta haifi Sahabi. Bayan ta gama wanka zazzaɓi ya kama ta, ya daɗe yana tafiya yana dawowa, kuma da ya sake ta bai bar mata nono mai yawa ba. Yaron yakan kama, ya ja, ya saki ya yi kuka. Abin da ya riƙe shi nonon akuyar maƙwabciyarmu ne, Gwaggo Tumba.

Ba danginmu ba ce, katanga ce kawai ta haɗa mu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, ita kaɗai ce a gidan sai jar akuyarta, wadda ta sa wa suna Hajiya saboda tafiyarta ta ƙasaita da kuma yadda take shinshina abinci kafin ta yarda ta ci. Gwaggo Tumba tana nan ranar da aka kawo Inna gidan Baba, don haka har Inna ta haife mu mu huɗu ba ta daina kiran ta Amarya ba. Ni kuwa Balki mai kallon sama take ce mini.

Da damina ana ɗaure dabbobi a turke don kada su shiga gonaki. Ciyawar da tsohuwa za ta iya yankowa ba ta da yawa, kuma ciyawa kaɗai ba ta cika hantsar akuya. Dusa da ƙasari da 'yar kanwa su ne ke kawo nono. Saboda haka kowane hantsi nakan ɗauki ƙwaryar ƙasari a kai da dusa a faifai in zagaya gidan Gwaggo, in dawo da koko cike da nono mai ɗumi. Inna ta tafasa, ta bari ya huce, ta ba Sahabi da ƙaramin ludayi. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ciniki, ba wanda ya taɓa cewa na gode. Amma na san a wurin Inna dusar ce ke sa ta iya karɓar nonon da kai a sama. Muddin faifai ya fita da abu, kokon da zai shigo ba roƙo ba ne.

Wata safiya Baba ya fito daga rumbu ya zauna a kan turmin da aka kifa, ya daɗe yana kakkaɓe ƙafa. Da ma ya riga ya je Maiyama wurin ɗan'uwansa ya dawo hannu rabbana, don su ma abin da ya same mu ya same su. Ya ce wa Inna a hankali, idan aka ci gaba da yadda ake yi, hatsin ba zai kai mu lokacin tumun sabon gero ba. Inna ta ajiye faifan da ke hannunta. Ta ce akwai abin da uwarta ta yi a wata shekarar yunwa, ita ma za ta yi. Daga ranar aka daina surfe a gidanmu. Hatsi ya tashi daga shiƙa zuwa wanki, daga wanki zuwa dutse, da dusarsa da komai, don kada ko tafin hannu ya fita daga tukunya.

Tuwon ya sauya kama. Ya yi duhu, ya yi kauri, yana ɗan kartar maƙogwaro, kuma idan ya kwana sai ya yi tsami da wuri. Ƙannena biyu suka yi ta tura baki, ɗaya ta ce tuwon awaki ne. Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ganye ne ya cece mu. Ni nake fita bayan gari da kwando, ƙafata tana nutsewa a laka, in tsinko tafasa da lalo da rama, wani lokaci yaɗiya. A yi miya, a yi kwaɗo idan an sami ƙuli. Abin da ba zan musa ba shi ne wannan tuwon yana zama a ciki. Wanda ya ci da dare yakan kai hantsi bai ji jiri ba. Amma a lokacin ba wanda yake ganin haka a matsayin alheri. Gidan da ake cin dusa gida ne da abu ya ƙare masa, kuma Inna ta gwammace ta kwana da yunwa da a faɗi haka a kan gidan Baba.

Ga kuma Hajiya. In babu surfe, babu dusa, babu ƙasari. In babu su, me zan ɗauka in kai?

Abin da Inna ta yi ban taɓa jin wata ta yi ba. Da hantsi, lokacin da muka saba surfe, sai ta ɗebo ƙaiƙayi ta zuba a turmi, ta yayyafa masa ruwa, ta sa ɗan tafin tsaba a ciki, ta ba ni taɓarya ɗaya ta ɗauki ɗaya. Muka yi ta lugude kamar kullum, har ƙaiƙayin ya yi laushi ya ɗauki kamannin dusa. Duk wanda ya wuce bayan katanga zai ji turmin gidanmu yana aiki. Ruwan da aka wanke hatsin da ba a surfa ba ta jefa masa ɗan gari ya yi fari-fari. Ta ɗora mini a kai, ta ce in je, kuma kada in tsaya surutu.

Gwaggo Tumba ta sa hannu a faifai, ta murza abin tsakanin yatsunta, ta dube ni. Na ɗaga kai ina kallon gajimare. Ta ce yau kam kallon sama ya yi mini amfani. Ta ajiye wa Hajiya. Hajiya ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya mana baya. Duk da haka Gwaggo ta miƙo mini koko cike, kamar jiya.

Haka muka yi ta yi. Ruwa yana zuba, ɗakinmu yana yoyo ta kusurwa, itace ya jiƙe, hayaƙi yana sa mu hawaye kafin wuta ta kama. Baba yana fita tun asuba, ya yi noman gonarsa, wani lokaci ya wuce har wajen Kuberi ya yi wa wasu aiki ya dawo da ɗan abin da aka auna masa a ƙullin riga. Gero yana tashi, kore shar, kyakkyawa har ya ba mutum haushi, don ba abin da za ka ci a jikinsa tukuna. Koko kuma yana zuwa cike, ina mamaki ban tambaya ba.

Wata rana na yi sammako na sami Gwaggo durƙushe gaban turke da ɗan kwano, Hajiya tana cin jiƙaƙƙiyar dawa a ciki. Dawa ce tsaba, irin wadda mutum zai ci. Na san ba ta da rumbu, ɗan abin da 'ya'yanta suka aiko mata ne a tukunyar ƙasa. Da ta gan ni ba ta ɓoye kwanon ba.

“Balki,” ta ce, “ido ad da aiki nan. Baki shi koma gida yadda ya zo.”

Ban faɗa wa Inna ba. Amma tukunyar tsohuwa ba ta da zurfi. Koko ya fara zuwa da saura, sannan rabi, sannan abin da bai rufe gindinsa sosai ba. Inna takan karɓa ta duba, sai ta ƙara ruwa a kunun Sahabi. Yaron ya fara zawo. Wuyansa ya yi siriri, maɗigarsa ta faɗa har ina iya ganin tana bugawa a hankali. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ya daina kuka. Da can kukansa yakan hana mu sakat, yanzu sai ya buɗe baki, wani ɗan sauti ya fito kamar na ɗan mage, ya rufe ido. Baba ya karɓo rubutu wurin malamin unguwa, ya kuma je ɗakin shan magani aka koya masa ruwan gishiri da sukari. Zawon ya lafa, amma aka ce masa abin da yaron yake bukata abinci ne, nono ne. Wannan kuwa duk mun sani.

Washegari da hantsi Inna ta sake zuba ƙaiƙayi a turmi. Sahabi yana goye a bayanta, kansa yana lilo duk lokacin da ta ɗaga taɓarya. Ana yayyafi. Muna cikin lugude sai ga Gwaggo Tumba ta shigo ba sallama mai tsawo, da tsohon faifai a ka don ruwa, da faifan jiya a hannu, abin da ke ciki ko taɓa shi ba a yi ba. Ta ajiye shi gaban Inna.

“Amarya, Hajiya na gaishe ki. Ta ce in hwaɗa miki ita akuya ta, ba jaki ba.”

Inna ta sunkuyar da kai. Ta ce geron ne ya tsufa, dusarsa ba ta da kyau. Ta ɗaga taɓarya za ta ci gaba, Gwaggo ta kama ta a sama da hannu ɗaya. Ban san tana da wannan ƙarfin ba.

“Tsaya. Ke ma Balki aje. Ku saurara.”

Muka yi shiru. Ruwa yana ɗiga daga indararo. Wani zakara ya yi cara can nesa. Na kasa kunne ina neman zuciyoyin nan na gari da na saba ji, sai na gane na daɗe ban ji su ba, hayaniyar namu turmin ce ta rufe mini kunne. Unguwar shiru take. Turmi ɗaya kawai ake ji, can wajen bakin kasuwa, a babban gidan wani falken albasa.

“Kin ji?” in ji Gwaggo. “Kowa da dusa shika cin abinshi. Ke ɗai ta kike ta yi muna kiɗa. Kuma turmin da ke da hatsi da wanda ke da ƙaiƙayi ba muryarsu guda ba, ɗiyata. Tun ran da kinka fara munka ji.”

Inna ta zauna a ƙasa, a cikin jiƙar, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ba ta yi kuka da sauti ba. Ta kwanto Sahabi ta rungume shi, ta ce ita dai ba ta so a ce gidan Malam ya koma karɓa ba ya bayarwa. Malam take kiran Baba. Gwaggo ta zauna kusa da ita a kan turmin da aka kifa, ta bar ta ta gama. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Babban gidan nan suna ciyar da masu yi musu noma, surfen ya fi ƙarfin matan gidan, suna neman wadda za ta karɓa. Wadda ta yi surfe, dusa da ƙasari nata ne. Ta riga ta yi magana da uwargidan, saura amsar Inna.

Inna ta ce idan aka ga ana shigo da hatsin wani gida nan, ai magana ta fita. Gwaggo ta ce maganar da ta riga ta zagaye gari ta dawo ta zauna, ina kuma za ta fita? Sai ta sa yatsa ta taɓa maɗigar Sahabi a hankali. Inna ta daɗe tana kallon wurin da yatsan ya taɓa.

“A kawo,” ta ce.

Da la'asar ta faɗa wa Baba, ina tsugune ina hura wuta. Na zaci zai yi faɗa. Na ɗaga kai na dube shi. Sai ya tambaya ko wa zai riƙa ɗauko hatsin. Inna ta ce ni. Ya ce a'a, ya yi wa Balki nauyi. Da safe shi da kansa ya je, ya ɗauko buhun a ka, ya ratsa tsakiyar gari da shi rana tsaka, yana amsa gaisuwar mutane ɗaya bayan ɗaya, ya sauke a tsakar gidanmu sannan ya ɗauki fartanya.

Ban taɓa yin aiki irin na kwanakin nan ba. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta. Kafaɗuna suna zafi har cikin barci. Inna ba ta gama murmurewa ba, takan yi ɗan lokaci ta jingina da taɓarya tana haki. Gwaggo Tumba ta kawo kujerarta gidanmu ta ɗauki bakace, tana yi tana tsokanar kowa, tana cewa gidan da ya fi kowa rashin hatsi shi ya fi kowa amo. Da gaske ne, turminmu ya dawo da muryarsa ta ainihi, mai danshin nan, tun hantsi har azahar. Farin hatsi ya koma babban gida, mu muka ci gaba da cin namu baƙin tuwon, amma dusa ta taru a ƙwarya, ƙasari ya cika tulu.

Ba wadda ta yi mana dariya. Matar gidan da ke bayanmu ta aiko 'yarta ta kama mana lugude. Daga baya ita ma ta leƙo da magariba, ta yi ta zagaye-zagayen magana, sannan ta tambaya ko za a sami ɗan tafin dusa ta ƙara a garinta. Inna ta cika mata kwano ba ta dube ta a ido ba, don ta san nauyin tambayar. Bayan haka matan unguwa sukan zo bi da bi, a yi aiki, a raba abin da Hajiya ta rage.

Hajiya kuwa ranar farko ta shinshina kamar yadda ta saba, ta ɗaga kai ta dube mu, sannan ta tsoma baki har hanci. Nonon bai dawo rana ɗaya ba. Ya ɗan ƙaru, ya tsaya, ya sake ƙaruwa. Sahabi ma haka. Akwai ranakun da nake leƙa fuskarsa a bayan Inna in kasa cewa ya fi jiya ko bai kai ba. Sai wata safiya, Inna ta ɗan jinkirta ba shi don nonon bai huce ba, ya ware baki ya tsala kuka irin na da, mai cika gida, har kaji suka watse. Inna ta yi dariya tana share ido da gefen zane. Gwaggo ta ce to, maigida ya dawo daga tafiya.

A hankali nonon Inna ma ya fara sauka. Gwaggo ta ce hankalinta ne ya kwanta. Baba ya ce rubutun malamin nan ne. Inna ta ce Allah ne, ta rufe zancen. Da ma'aikaciyar jinyar nan tana wurin, wataƙila da ta sa tuwon dusa da ganye a cikin lissafi, ni dai ban sani ba.

Gero ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, muna bin sa da ido kamar baƙon da ake hangowa daga nesa. Ranar da Baba ya shigo da zangarniyoyin farko a hannu, rumbu ya riga ya koma ɗaki mai amsa kuwwa. Muka gasa tumu a bakin murhu, muka murza a tafin hannu, muka hure, muka ci da zafinsa. Sahabi yana zaune a cinyata da haƙoransa biyu sababbi, ya kama zangarniya ɗaya ya kai baki yana gurgura, yawu yana zuba. Inna ta zaɓi mafi kyau ta ce in kai wa Gwaggo, ta ƙara ɗaya ta ce ta Hajiya ce.

Gwaggo Tumba ta rasu ina makarantar kwana. Ta bar wa Inna awakinta, jikokin Hajiya, duk jajaye, duk masu shinshine-shinshine. Sahabi yanzu ya fi Baba tsawo, kuma idan aka ce masa ɗan akuya ba ya fushi. Tun daga wannan kakar Inna ba ta sake yarda an ci hatsi da dusa a gidanta ba. Surfenta ya fi na kowa fari a unguwar.

Ranar kasuwar Jega da ta wuce Inna ta zo duba ni. Na manta shaf, na zuba mata tuwon da nake ci. Ta buɗe kwano ta tsaya. Ta dubi tuwon, ta dubi ɗakin, ta dubi buhun da ke jingine a lungu kamar tana auna shi da ido. Ta rage murya ta tambaye ni ko lafiya muke da maigidana, ko wani abu ya taɓa aikinsa. Na yi dariya na ba ta labarin awo da abin da aka ce mini. Ta saurara har ƙarshe. Ta gutsura ta ci, ta ce wannan ai mai laushi ne, inji ya yi masa gata, namu na dutse ya fi shi faɗa. Ta ci da yawa, fiye da yadda na zata. Da za ta tafi, tana gyara lulluɓi a bakin ƙofa, sai ta juyo.

“Wa ad da akuya cikin unguwar ga?”

Na ce ban sani ba, nan birni ne, ban taɓa tambaya ba. Ta dubi cikina, ta ce Allah ya raba lafiya, ta fita.

Shekaranjiya, cikin ruwan nan, Sahabi ya yi sallama jiƙe sharkaf, da jar akuya mai ciki a ɗaure a bayan babur. Ya ce Inna ta ce ba kyauta ba ce, ajiya ce, kuma ba ta cin ƙaiƙayi. Na kafa mata turke ƙarƙashin rumfa. Ta shinshina ciyawar da na sayo, ta yi atishawa, ta juya mini baya.

Don haka yau da hantsi na jawo turmin da aka kawo ni da shi, wanda tun da na zo gidan nan bai yi aikin kirki ba. Nawa hatsin na kai inji da dusarsa, yadda aka ce. Amma na ɗebi wani kaɗan na yayyafa masa ruwa, na surfa a hankali, ina yi ina hutawa, saboda akuyar. Ban daɗe da farawa ba na ji an ƙwanƙwasa ƙyauren da ke tsakaninmu da maƙwabta. Matar gidan ce, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta ce ta ji surfe, ta san mai tsohon ciki ce ke yi, in ba ta taɓaryar.